Na'urar Auna Sukari a Gida: Iyakar Gaskiyarta

Tun zamanin da, masana ilmin ɗibbu sun san ciwon sukari, har Ibn Sina ya bayyana alamominsa a cikin littafinsa Alƙanun, ya ambaci zaƙin fitsarin mai ciwon. Amma a wancan lokaci babu wata hanya da majinyaci zai san yawan sukarin da ke cikin jininsa, sai dai a yi masa kirdado daga ƙishirwa da yawan fitsari da rama. Sai a shekarar 1965 wani kamfani na Amurka mai suna Ames ya fito da 'yar takarda wadda ke sake launi idan an ɗiga mata jini, daga nan aka yi ta gyara har aka kai ga 'yar na'urar nan da ake saye a kemis yau, wadda ke ba da amsa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Wannan ni'ima ce babba, amma wajibi ne mai ita ya san iyakar abin da za ta iya gaya masa, gama wanda ya ɗauki zato a matsayin yaƙini yana iya cutar da kansa da hannunsa.

Ka sani, ya kai mai karatu, na'urar gida kamar mudun kasuwa take, tana isar mai cefane, amma ba ta kai sikelin mai sayar da zinariya ba, wanda shi ne misalin injin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ƙa'idar duniya da ake kira ISO 15197, wadda aka sabunta a 2013, ta shar'anta cewa a cikin awo 100, aƙalla 95 kada su kauce wa sakamakon asibiti da fiye da 15 cikin ɗari idan sukarin ya kai 100 mg/dL, idan kuwa bai kai 100 ba, kada saɓanin ya wuce 15 mg/dL. Ma'anar haka, wanda ainihin sukarinsa 200 ne, na'ura mai kyau tana iya nuna masa 170 ko 230, kuma ba a ce ta yi ƙarya ba. Wanda kuwa nasa 80 ne, tana iya nuna 65 ko 95. Saboda haka idan ka auna sau biyu a jere ka ga 140 da 152, kada hankalinka ya tashi. Ba kuma kowace na'ura ce ke cika ko wannan sharaɗi ba: a wani bincike da aka buga a Amurka a 2018, an jarraba iri 18 da ake sayarwa a can, 6 kaɗai suka ci jarrabawar gaba ɗaya.

Amma fa sau da yawa aibin yana ga tsinken gwaji ne da hannun mai awo. A bakin kowane tsinke akwai wani sinadari mai laushi wanda ke haɗuwa da sukarin jini ya haifar da ɗan lantarki, na'ura kuwa ta lissafa shi ta mayar da shi lamba. Wannan sinadari zafi yana lalata shi, danshi ma haka. Galibin masu ƙera tsinken sun ce kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 30, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin bazara yakan haura 40; to, wanda ya bar kwalbarsa a cikin mota, ko kusa da rufin kwano, ko ya bar murfinta a buɗe cikin damina, ya riga ya ɓata shaidar da zai dogara da ita. Haka nan tsinken da wa'adinsa ya ƙare, da wanda aka sayar a warwatse ba cikin kwalbarsa ba don sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado.

Game da hannu kuwa, wanda ya taɓa dabino ko mangwaro ko rake sa'an nan ya huda yatsa bai wanke ba, sukarin da ya maƙale a fata zai gauraya da jinin, sai na'ura ta nuna lamba mai ban tsoro, idan kuwa ya ƙara allurar insulin bisa wannan lamba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. A wanke hannu da sabulu, a bushe shi sarai, a huda gefen yatsa, kada a matse shi da ƙarfi. Halin jini ma yana da tasiri: mai ƙarancin jini, kamar mai sikila ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, wasu na'urori kan nuna masa lamba sama da gaskiya, don haka ya kamata likitansa ya san irin na'urar da yake amfani da ita.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Wasu na'urori suna lissafi da mg/dL, wasu da mmol/L, a asibitocin Nijar kuwa akan rubuta g/L bisa al'adar Faransa. Lamba 126 a na farko ita ce 7 a na biyu, ita ce kuma 1.26 a na uku. Idan kana da mmol/L ka ninka sau 18 za ka sami mg/dL. Wanda bai san wannan ba yana iya ganin 20 ya zaci sukarinsa ya sauka, alhali kuwa 360 ke nan.

Abin da ya kamata shi ne ka tafi da na'urarka ranar da za a ɗebi jininka a asibiti, ka auna a take, ka kwatanta amsoshin biyu. Idan jikinka yana rawa, kana zufa da jiri, ka sha abu mai zaƙi ko da na'ura ta ce lafiya, sa'an nan ka sake awo. Likitoci suna umartar mai azumi ya karya idan awo ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, malamai da yawa kuwa sun yi fatawa cewa huda yatsa don gwaji ba ya ɓata azumi. Tabbatar da cewa mutum yana da ciwon sukari aikin asibiti ne, haka nan ƙara magani ko rage shi. Ka riƙa rubuta lambobinka da lokacin awo a littafi, ka kai wa likitanka, gama lafiyar jiki amana ce da za a tambaye ka a kanta. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.