Sanin Kalma: Conflagration

Wannan kalma ta Turanci asalinta daga harshen Latin ne. Ma'anarta gagarumar gobara wadda ta gagari masu kashewa, ta bazu daga gini zuwa gini. Wutar da ta ci ɗaki guda ba ta kai ga wannan suna ba.

Misalanta su ne gobarar Landan ta 1666 wadda ta lashe gidaje fiye da 13,000, da ta Kasuwar Sabon Gari, Kano, a 2016, da ta Kasuwar Karu, Abuja, a 2024.

Wajibi ne ma'aikaci mai rubuta rahoto ya auna girman ɓarna kafin ya zaɓi kalma, domin ƙari ko ragi yakan ruɗa masu kai agaji.