Aƙilu Aliyu da Takardun da Muke Zubarwa

Kun san daɗin waƙa da amsa-amonta tun kafin ku riƙe fensir, don haka ba za mu daɗe a nan ba. An haifi Alhaji Aƙilu Aliyu a Jega a 1918. Ya yi karatun allo, ya shafe shekaru a Barno yana karantarwa, sannan ya tare a Kano har rasuwarsa a 1999. Da ajami yake rubuta waƙoƙinsa, kuma ya shugabanci ƙungiyar Hausa Fasaha. Abin da ya sa ɗalibai ke nazarinsa har yau shi ne an adana rubutunsa, har Ɗalhatu Muhammad ya tsara littafin Fasaha Aƙiliya, aka buga a Zariya a 1977. Saboda haka, kada ku zubar da takardar da ba ku karanta ba!

Dubi abin da ke faruwa a gidajenmu na Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi. Dattijo ya rasu, an yi sadakar bakwai, ana share ɗakinsa don a sa ɗan haya. Uwargida ta jawo akwatin takardunsa daga ƙarƙashin gado, ta ce: "Kai Sani, kwashe tarkacen nan, gara ta fara ci!" Yara suna wawa, amarya ta ɗebi na hura gawayi, saura an kai wa mai ƙosai ta bakin titi. Kafin la'asar, baitocin da bawan Allah ya yi shekaru yana saƙawa sun sha mai. Abin haushi, maƙwabta suna kallo, ba mai cewa a dakata.

Wani zai ce ai an haddace. To, mai haddar ma mutuwa zai yi, kuma baki yana sauya kalma. Wani ya ce bai iya ajami ba. Wannan ba hujja ba ce, don babu unguwar da ta rasa malamin allo a Tarauni. Kai masa ya karanta maka. Masu cewa babu wurin ajiya kuwa, akwatin ƙarfe ɗaya ya isa, a ɗora shi bisa kanta nesa da danshi, a riƙa fito da takardun suna shan iska.

Ku da kuke koyon karatu yanzu, ku ne masu tsaron wannan amana a gidajenku. A sake faɗa: ko ta tsufa, ko ta yage, kada ku zubar da takardar da ba ku karanta ba.