Abin da Ke Hana Yaro Iya Karatu

Ya kai malamin gobe, in ka fita koyarwa za ka tarar da yaro a aji uku yana rera shafi guda ba tuntuɓe. Amma rufe hoton, ka nuna masa kalma ɗaya tak, sai ya yi tsuru. Wannan hadda ce, ba karatu ba. Ajiye bulala, ka nemi dalili.

Na farko, harshe. Yaro ya fi saurin karanta abin da kunnensa ya saba ji. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya fara gwajin koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, Turanci kuwa darasi ne kurum. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu ba, ko a Turancin ma. Haka yaron Bahaushe yake da Hausa.

Na biyu, gaggawar malami. Kada ka kai yaro ga jimla tun bai san baƙi da wasali ba. Bari ya haɗa b da a, ya ce ba. Ya rarrabe ƙ da k, gama ƙafa dabam, kafa dabam.

Na uku, ƙarancin littattafai. In babu, rubuta gajerun labaru a kwali, ka raba musu.

Na huɗu, lafiya. Mai yunwa ba ya fahimta. Wanda ke ƙanƙance ido in ya dubi allo, dawo da shi gaba, ka gaya wa iyayensa.

Kullum ka saurari yara biyu ko uku, kowa shi kaɗai, don cikin amshi ne wanda bai iya ba ke ɓuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.