Takwara, Kafin Ka Sayar da Keken Nan

Takwara,

Ummanka ta leƙo mu ranar Asabar, ta sha kunu, ta yi ta kewaye-kewaye, sai da ta ɗauki mayafi za ta tafi sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Wai kana neman mai sayen kekunan ɗinkinka biyu. Wai shekara uku kana taka keke ba ka ga abin da ka tara ba, ga abokinka da kuka gama sakandare tare ya shiga wata harka ta waya, wata shida ya sayi mota. Kakarka ta fara faɗa, na ce ta bar ni da kai, tunda ni da kai ba ma samun saɓani sai a kanta.

Ba zan ce maka sannu ba ta hana zuwa ba, ka ji wannan har ka gaji. Labarin wani ɗan wasa zan ba ka, da ɗan lissafi.

A 1973 gwamnati ta tura mu Amurka ƙaro karatu. Na tarar da wani wasa da suke ji da shi kamar yadda kuke ji da ƙwallon ƙafa, sunansa besbol. Da farko ban ga kansa ba balle gindinsa. Abokin ɗakina, wani baƙar fata daga kudancin ƙasar, shi ya zaunar da ni ya warware min. Mutum ɗaya zai tsaya da gora a hannu, wani ya jefo masa ƙwallo mai tauri, ba ta wuce girman lemon zaƙi ba, daga nisan kamar mita 18, da gudun da ya fi na motar haya a babban titi. In ya doke ta sai ya yar da gorar ya ruga. Akwai zango uku da zai taka kafin ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida, kuma duk wanda ya dawo gida an ci ɗaya. In kuwa ya ɗaga ƙwallon ta tsallake shingen fili gaba ɗaya, ba mai ikon tare shi, sai ya zaga zangunan a tsanake. Wannan bugun shi ne homron. Wani Bature, Babe Ruth, ya buga guda 714 kafin ya bar wasa a 1935, Amurkawa suka ɗauki lambar nan kamar dutsen da ba mai hawansa.

Shekarar da na sauka, wani baƙin mutum ya riga ya kai gindin dutsen. Sunansa Henry Aaron, ana ce masa Hank. Aaron ɗin nan kuwa shi ne Haruna a bakinmu.

An haife shi ranar 5 ga Fabrairu, 1934, a garin Mobil na jihar Alabama, su takwas a wurin iyayensu, uban yana aikin ƙarfi a tashar gyaran jiragen ruwa. Kuɗin sayen gora da ƙwallo babu. Marafan kwalbar lemo yaran suke jefa wa juna suna doka da sanda. Ka gwada wata rana ka gani: marfin kwalba ba ya tafiya a miƙe, lilo yake yi a iska, sandar kuma siririya. Wanda ya saba samun wannan, ranar da aka jefo masa ƙwallo sosai sai ya gan ta kamar kabewa. Aaron ya kuma yi dakon ƙanƙara zuwa gidajen mutane, lokacin firji bai wadata ba, ya ce a nan tsintsiyar hannunsa ta yi ƙarfi. Da yake ba wanda ya koya masa, a juye yake riƙe gora, hannun da ya kamata ya zauna ƙasa shi ke sama. Sai da ya shiga wasan kuɗi aka ce masa ba haka ake riƙo ba. Bai ce ai da hakan nake ci ba, ya gyara. Na tuna ranar da maigidanka ya sa ka farke wuyan wata riga sau uku, ka dawo gida kana huci, ka ce tsana ce.

A 1952, yana ɗan shekara 18, ya hau jirgin ƙasa da 'yan canjin da ba su wuce dala biyu ba da ƙunshin burodi, ya tafi wata ƙungiyar baƙaƙen fata mai suna Indianapolis Clowns, a kan dala 200 a wata. A littafin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin yadda suka ci abinci a wani gidan abinci a Washinton, suna gamawa suka jiyo ana farfasa farantan da suka ci a ciki, don kada wani Bature ya ci a bayansu. Cikin 'yan watanni ƙungiyar Braves ta saye shi dala 10,000. A 1953 suka tura shi ƙaramar gasa a Jacksonville, can kudu, inda abokan wasansa Turawa ke kwana a otal, shi kuma a nema masa masauki a unguwar baƙaƙe. Shi aka zaɓa gwarzon gasar a shekarar. Da aka shiga 1954, wani babban ɗan wasan Braves, Bobby Thomson, ya karye a idon sawu wajen atisaye, aka ce yaron nan ya shiga gurbinsa.

To ga lissafin. Shekararsa ta farko homron 13 ya buga, ya kuma ƙarasa ta da tasa karayar a idon sawu. Ta biyu 27, ta uku 26. In ka haɗa, 66 ke nan. Ba wai ba a san da shi ba, don a 1956 ba wanda ya kai shi yawan samun ƙwallo a gasarsu. Amma da wani ya ce yaro mai 66 shi zai wuce 714, dariya za a yi masa. Shekara uku kenan, Takwara, daidai inda kake yanzu.

Abin da ya fi ba ni mamaki da abokin ɗakina ya shimfiɗa min lambobin a takarda shi ne, mutumin nan bai taɓa yin shekarar da duniya ta girgiza ba. Ruth ya taɓa buga 60 a kaka ɗaya. Roger Maris ya buga 61 a 1961, jaridu suka yi ta yayata shi, amma duk rayuwar wasansa 275 ya tara. Willie Mays da Mickey Mantle kowannensu ya haura 50 a shekara. Aaron ko sau ɗaya bai kai 50 ba. Mafi yawan da ya yi 47, shi ma sai a 1971, yana da shekara 37. Abin da yake yi shi ne bana 44, baɗi 30, wata shekarar 39, wata 40, wata ya sauko 24 ya sake hawa. Shekara ashirin a jere bai taɓa yin ƙasa da 20 ba. Lamba 44 ce a bayan rigarsa, sau huɗu kuma yana gama kaka da homron 44 cif. Ƙungiyarsa tana Milwoki, nesa da manyan jaridun New York, don haka ko a 1957 da ya zama gwarzon gasa suka kuma doke ƙungiyar Yankees suka ɗauki kofi, sunayen wasu aka fi kira. Sai da Braves ta koma Atlanta a 1966, shekaru suka ƙara turawa, waɗancan suka fara gajiya, sannan mutane suka waiwaya suka ga wanda ke tafe a baya bai rage tafiya ba.

Kada ka ɗauka kullum ci yake yi. Sau 12,364 aka lissafa masa tsayuwa da gora, sau 3,771 ya yi bugun da ya kai shi zango. Wato a cikin goma, kusan bakwai komawa benci yake yi hannu rabbana, washegari ya sake ɗaura takalmi. Kakar wasansu daga Afrilu take har ƙarshen Satumba, wasa 162, kusan kullum. In yana benci yana jiran layi, sai ya cire hularsa ya kara a fuska, ya leƙa mai jifa ta 'yar hudar da ke jikin hular, don kada idonsa ya ga komai sai hannun mutumin da yadda yake sakin ƙwallo. Yana haddace abin da kowane mai jifa ya taɓa jefo masa. Masu kallo suna cewa wasan ba ya ba shi wahala, don ba ya tsalle-tsalle, hularsa ba ta faɗuwa in yana gudu. Ba su ga aikin da ke cikin hular ba.

Ya gama kakar 1973 da 713, saura ɗaya ya kamo Ruth, sai kuma a jira wata shida. A shekarar nan wasiƙu kusan 930,000 suka zo masa, har hukumar gidan waya ta ba shi lambar shaida. Akasarinsu na fatan alheri ne. Amma a ciki akwai dubbai na zagi saboda launin fatarsa, akwai masu faɗa masa ranar da za su harbe shi da filin da za su yi. Aka haɗa shi da ɗan sanda mai bin sa ko'ina. In ƙungiya ta yi tafiya, ba ya kwana inda 'yan'uwansa suke, da sunan aro ake kama masa ɗaki. 'Yarsa da ke jami'a a Nashville sai da aka sa mata masu tsaro saboda barazanar sacewa. Duk wannan a kan doka ƙwallo da gora.

Ranar 4 ga Afrilu, 1974, a Sinsinati, kaɗa gorarsa ta farko a kakar ta ba shi 714. Ranar Litinin 8 ga wata suka dawo Atlanta, mutum 53,775 a fili, suna karawa da Dodgers. Mu kuma muna ɗakin hutun ɗalibai, mun cika gaban talabijin, wasu a kujera wasu a ƙasa. Mai jifan, Al Downing, shi ma 44 ce a bayansa. Karon farko bai jefo masa abin duka ba, ya bar shi ya taka zuwa zangon farko, fili ya ɗauki ihu. Karo na biyu, ƙarfe tara da 'yan mintuna na dare, ƙwallon ta tashi ta ɓangaren hagu ta faɗa bayan shinge. Ɗakin ya kaure. Sai ga wasu samarin Turawa biyu sun tsallako cikin fili suna gudu a bayansa. Ban taɓa jin ɗaki ya yi tsit da sauri haka ba. Abokin ɗakina ya damƙe min hannu har sai da na ji zafi. Ashe murna ce ta kawo su, kafaɗarsa kawai suka dafa. Daga baya aka ji ɗan sandan nan yana cikin 'yan kallo da bindiga a jakar madubin hangen nesa, Allah ya sa bai zaro ta ba. Da Aaron ya taka gida, mahaifiyarsa ta rungume shi ta ƙi saki. Ta ji ƙarar abubuwan da aka harba na murna, ta zaci ɗanta ake harbi.

Ba na so in yi maka ƙarya cewa haƙuri ba ya ciwo. Aaron da bakinsa ya sha faɗa cewa lokacin nan da ya kamata ya fi kowane daɗi shi ne mafi ɗaci a rayuwarsa. Wasiƙun zagin bai ƙona su ba, ya adana su har tsufansa, yakan ɗauko ya duba. Kuma bai yi shiru ba, ya yi ta magana a kan yadda ake hana baƙaƙe shugabancin ƙungiyoyi bayan sun gama wasa. Abin da dai bai yi ba shi ne ajiye gora saboda maganar wani. Ya koma Milwoki ya ƙara shekara biyu, ya tsaya a 755 a 1976, bayan kaka 23. Barry Bonds ya wuce lambar a 2007, ana ta surutu a kan magungunan ƙara ƙarfi, Aaron ya aika masa da saƙon taya murna ta bidiyo, bai shiga surutun ba. Ya rasu a Atlanta ranar 22 ga Janairu, 2021, yana da shekara 86. Akwai lambarsa ɗaya da har yau ba a kamo ba, ni kuma ita na fi so: sau 2,297 bugunsa ya kai mutum gida, ko shi ko abokin wasansa da ke jira a zango.

Ban ce kowa zai zama Haruna ba. Allah ya ba shi ido da hannun da bai ba kowa ba, kuma akwai waɗanda suka yi naci kamarsa ba su kai ko'ina ba. Ban kuma san harkar abokinka ba, ba zan zage ta ba, Allah ya sa halal ce ya kuma sa ta ɗore. Amma hannunka na sani. Na sa kaftanin da ka ɗinka min a ɗaurin auren 'yar maƙwabcinmu, mutum biyu suka tambaye ni telan, ɗaya har ya juya bakin hannun rigar yana duba ɗinkin ciki. Ka ɗauko littafin awonka ka ƙirga sunayen da ke ciki a shekarar farko, ka ƙirga na bana, ka ware waɗanda suka dawo fiye da sau biyu. Wannan lissafin nake so mu duba tare, ni da kai, ba da Ummanka ba.

In bayan mun duba ka ga sayarwar ce ta fi, kekunanka ne, ba zan hana ka ba. Amma kada ka karɓi kuɗin kowa kafin nan. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka taho da littafin da tef ɗin awo. Ina da shadda yadi goma a akwati tun bara, kakarka kuma ta ce in gaya maka za ta yi dambu.

Kakanka.