Filin Kimiyya: Yadda Cutar Kurkunu Ta Samu Mafaka a Jikin Karnuka

Darasinmu na wannan fitowa a kan kurkunu ne, cutar da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, amma kakanninmu sun san ta farin sani. Saura ƙiris a shafe ta daga doron ƙasa, sai masu bincike suka gano ta a inda ba a zata ba: jikin karnuka.

Mece ce kurkunu?

Kurkunu tsutsa ce fara, siririya kamar zare, wadda tsawonta kan kai mita ɗaya. A ruwan da ba ya gudu, irin na kududdufi da tafki, akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya ganinsu sosai, waɗanda za mu kira ƙumar ruwa. Su ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar. Cikin kamar mako biyu 'ya'yan sukan ƙosa a cikinsu. Idan mutum ya sha wannan ruwa ba tare da tacewa ba, ƙumar takan mutu a cikinsa, 'ya'yan tsutsar kuma su huda hanji su shiga jiki.

Mutum ba ya jin komai har tsawon wata 10 zuwa 14. Daga nan macen tsutsar takan gangaro, galibi zuwa ƙafa, ta tayar da bororo mai zugi kamar wuta. Don neman sauƙi mai ciwon yakan tsoma ƙafar a ruwa, nan take tsutsar ta zubar da dubban 'ya'ya, a sake sabon zagaye. Har yau babu allurar rigakafi, babu maganin sha. Sai dai a riƙa naɗe tsutsar a jikin tsinke, a ja kaɗan-kaɗan, wani lokaci har makonni. Sau da yawa takan fito ne a lokacin aikin gona, ta kwantar da manomi, ta hana yaro zuwa makaranta.

Nasarar da aka samu

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da kurkunu a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A shekarar ce cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙin gadan-gadan. Binciken da aka yi a Najeriya tsakanin 1988 da 1989 ya gano sama da mutum 650,000 masu cutar. Janar Yakubu Gowon na cikin waɗanda suka zaga ƙauyuka suna wayar da kan jama'a. Makaman yaƙin ba masu tsada ba ne: tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiyoyin burtsatse, hana mai ciwo shiga tafki, da zuba maganin Abate da ke kashe ƙumar ruwa.

A Najeriya an ga mutum na ƙarshe mai cutar a Nuwamba 2008. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita, Ghana kuma ta biyo baya a 2015. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duk duniya.

Tsugune ba ta ƙare ba

Ƙasar Chadi ta yi kusan shekara goma ba a kai rahoton ko mutum ɗaya ba. A 2010 sai cutar ta sake ɓulla, kuma da wani salo da ya ɗaure wa masana kai. Bisa al'ada, idan tafki ya gurɓata, mutane da yawa na ƙauye ɗaya ne ke kamuwa tare. A Chadi kuwa sai a samu mutum ɗaya a nan, wani a can nesa, ba tare da sun sha ruwa ɗaya ba. A 2012 aka fara lura da tsutsar tana fita daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na gaɓar Kogin Shari. A 2016 karnukan sun haura 1,000, a 2019 kuma sun haura 1,900, alhali mutanen da suka kamu a Chadi a shekarar ba su kai 50 ba.

Yadda aka bi diddigi

Masu bincike sun yi wa kansu tambayoyi uku.

Ta farko: shin tsutsar kare da ta mutum iri ɗaya ce? An kwatanta ƙwayoyin halittar tsutsotsin da aka zaro daga mutane da na karnuka, aka tarar jinsi ɗaya ne. Ke nan kare mai ciwo da ya shiga tafki zai iya gurɓata ruwan da mutum zai sha.

Ta biyu: ta wace hanya kare ke ɗauka? Kare yana lasar ruwa ne daga sama da harshe, don haka aka yi zargin akwai wata hanya ban da sha. An kuma lura cewa lokacin da tsutsar ta fi fitowa ya dace da ƙarshen rani, sa'ad da ruwa ke janyewa, jama'a su fita su na gayya, a yi ta fede kifi ana watsar da kayan ciki. Masana a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun gwada wannan zato a ɗakin gwaji. Sun ba ƙananan kifaye ƙumar ruwa mai ɗauke da 'ya'yan tsutsa, sannan suka ciyar da kifayen ga wata dabba mai kama da tunku. Wasu daga cikin dabbobin sun kamu. Wato kifi na iya zama motar da ke ɗauko ƙumar a hanjinsa. A 2016 kuma an ba da rahoton samun ɗan tsutsar a jikin wani kwaɗo da aka kamo a Chadi.

Ta uku: haka abin yake a ƙauye, ko a ɗakin gwaji kawai? Masana daga Jami'ar Eksita ta Ingila sun ɗaura wa ɗaruruwan karnuka na'urar bin sawu a wuya don sanin inda suke zuwa. Sun kuma yanki gashin bakinsu. Dalili shi ne gashi yana tsirowa a hankali, kuma abin da dabba ta ci yana barin alamar sinadari a cikinsa, kamar rajistar aji da ke nuna wanda ya zo kowace rana. Sakamakon da aka wallafa a ƙarshen 2021 ya nuna karnukan da suka fi cin kifi sun fi kamuwa.

Matakan da suka biyo baya

Da aka gane hanyar, sai aka sauya dabara. Ana binne kayan cikin kifi ko a ƙone su. Ana ɗaure karnuka a lokacin da cutar ta fi yaɗuwa don kada su shiga ruwa. Ana ba da tukuici ga wanda ya kai rahoton dabba mai tsutsa. Ana kuma jan hankalin mutane su dafa kifi da sauran naman ruwa su dahu sosai, domin zafi na kashe 'ya'yan tsutsar. Zuwa 2023 adadin karnukan da suka kamu a Chadi ya sauko ƙasa da 500. Duk da haka, wannan matsala ta sa an ɗage wa'adin kawar da cutar daga 2020 zuwa 2030.

Ina ruwanmu?

Kogin Shari a Tafkin Chadi yake zuba, kuma an samu karnuka masu cutar a lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, wanda ke iyaka da Jihar Borno. Masunta da fataken kifi suna kai da komo a wannan yanki. Saboda haka mu tace ko mu tafasa ruwan tafki kafin sha, kada mu watsa wa karnuka da kuliyoyi ɗanyen hanjin kifi, kuma idan muka ga farar tsutsa na fita daga jikin mutum ko dabba, mu hana shi shiga ruwa, mu sanar da asibiti mafi kusa.

Cutar ɗan'adam guda ɗaya tak aka taɓa shafewa daga duniya, wato agana, a 1980. Kurkunu na iya zama ta biyu, amma sai an raba ta da dabbobi ma. Wannan aiki na bukatar likitan mutane da likitan dabbobi da masanin abinci su haɗa kai, kuma ƙila wasunsu suna zaune a ajujuwanmu yanzu.

Gwada fahimtarka

1. Wace rawa ƙumar ruwa ke takawa a rayuwar tsutsar kurkunu?
2. Me ya sa masana suka yi zargin akwai wata hanya ban da shan ruwa a Chadi?
3. Ta yaya gashin bakin kare ke nuna abin da ya ci?

A jefa amsoshi a akwatin ƙungiyar 'yan jarida. Za mu liƙa mafi kyawunsu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.