Darasin Kimiyya: Murar Hunturu da Jikin Tsofaffi

Ɗalibai, ku rufe littattafanku tukuna, ku dubi taga. Ga hazo ya rufe duwatsun da ke bayan gari, ko tsakar rana ba a ganinsu sosai. Mafi yawan wannan ƙura daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta har Jalingo, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu. A wannan lokaci ne za ku ji kaka na tari cikin dare, kuma kowa ya ce sanyi ne ya kama ta. Yau za mu ga ko sanyin ne da gaske.

Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran cututtuka biyu: mura. Akwai ƙaramar mura, mai majina da atishawa, wadda ke wucewa cikin mako guda. Akwai kuma babbar mura, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita farat ɗaya take kama mutum, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ciwon kai da busasshen tari. Dukkansu ƙwayoyin bairas ne ke kawo su, ba sanyi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa infuluwenza na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara ta hanyar cutar numfashi, kuma waɗanda suka haura shekara 65 na cikin waɗanda ta fi yi wa illa. A 1918 jirgin ruwa ne ya shigo da ita Legas, ta bi layin dogo zuwa Arewa, ta yi mummunar ɓarna.

To, mene ne laifin hunturu? A cikin hancinmu da hanyar iska akwai majina mai danshi da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, suna ta kaɗawa kamar tsintsiya, suna fitar da datti da ƙwayoyin cuta waje. Busasshiyar iska na ƙafar da wannan majina, ƙura kuma ta yi wa tsintsiyar yawa. Sannan sanyi na sa mu rufe ƙofa da taga mu cunkushe a ɗaki guda. Hunturu dai buɗe wa ɓarawo ƙofa yake yi, amma ba shi ne ɓarawon ba. Kuma a ƙasashe masu zafi irin namu cutar na yawo har da damina.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne. Idan mutum ya manyanta, garkuwar jikinsa kan yi sanyi wajen gane sabon maƙiyi, tsokar ƙirji ta rage ƙarfi, tarinsa ba ya fitar da kaki yadda ya kamata. Kakin da ya kwanta a huhu shi ne gonar bakteriya, daga nan sai nimoniya. Idan da ma akwai ciwon suga ko ciwon zuciya ko asma, abin ya haɗu goma da ashirin. Babban abin da ke yaudarar iyali shi ne, tsoho na iya kamuwa da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Na taɓa ganin haka a gidanmu. Kakana, mutumin da ba ya fashin sallar asuba a masallaci, sai ya wayi gari ya ture kwanon koko, ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa. Aka taɓa goshinsa, lafiya lau, aka ce rikicin tsufa ne. Kwana biyu bayan haka asibiti suka ce huhunsa ne ya kamu. Saboda haka ruɗewa, ƙin cin abinci, yawan barci ko faɗuwa ba gaira ba dalili, duk alamu ne a jikin tsoho.

Ta ina cutar ke shigowa gida? Sau da yawa ta hannunku, ku jikoki. Kun taso daga makaranta da majina, kun faɗa jikin Hajiya, kun sha ruwa a moɗar da ke kan randa, ita ma ta sha. Mai ɗauke da infuluwenza na iya yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji alamar komai, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai, yara ma sukan wuce haka. Ba cewa na yi a daina gaida tsofaffi ba, Allah ya kiyaye. Mai mura ya gaishe su daga bakin ƙofa, ya yi atishawa a lanƙwasar hannunsa, ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Kaka ta sami kofinta ita kaɗai. Idan Baba zai shiga babbar kasuwa ko ya hau Keke Napep ranar da hazo ya yi kauri, ya sa takunkumi; rawani ma na tare ƙura, sai dai bai kai takunkumi ba.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa, a raba shi da tsoho. Hayaƙinsa na ƙona hanyar iska, kuma yana fitar da iskar guba marar wari da ke kisa cikin barci. Bargo da safa da hula sun fi. A riƙa miƙa masa ruwa mai ɗumi ko kunu ko da bai nema ba, domin jin ƙishirwa na raguwa da shekaru.

Allurar rigakafin infuluwenza na nan, ana sabunta ta duk shekara saboda bairas ɗin na sauya kama. Ba ta cikin jerin rigakafin kyauta na yau da kullum a Najeriya, don haka sai an tambayi likita. Kafso mai baki da ja da ake saya a kemis kuwa bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairas. Kuma tunda a Taraba muke, inda zazzaɓin Lassa ke tashi da rani, duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a kai mai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke nan Jalingo, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Aikin gida: ku zauna kusa da wani dattijo a gidanku yana hutawa, ku ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti ɗaya. Baligi mai lafiya na yin 12 zuwa 20. Idan kun sami 25 ko fiye kuma ba ya jin daɗi, ku faɗa wa babba a gida nan take. Sauran ku rubuta lambar, ku zo da ita ranar Litinin.