Yadda Kiɗa Kan Kwance Ƙafar da Cuta ta Ɗaure

Likitocin da ke duba masu cutar Parkinson sun daɗe suna ganin wani al'amari mai ɗaure kai. Majinyaci zai taso daga kujera yana tafe sannu a hankali har ya iso bakin ƙofa, sai ƙafafunsa su kafe kamar an liƙe su da daɓe. Yana son wucewa, ya san hanya, ƙarfin ƙafa kuma yana nan, amma taku ya ƙi fitowa. To, idan wani na kusa da shi ya shiga tafa hannu a jere, ko ya riƙa ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, sau da yawa sai a ga ƙafar ta saki, mutum ya wuce abinsa. Yaya aka yi sautin da ya shiga ta kunne ya kwance abin da ya ɗaure a ƙafa? Amsar wannan tambaya ita ce tushen darussan rawa da ake shirya wa masu cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a ƙasashe da dama, kuma darasi ne mai kyau ga duk ɗalibin da ke son fahimtar yadda jiki ke sarrafa motsi.

Cutar da Mazauninta

Wani likitan birnin Landan mai suna James Parkinson shi ne ya fara bayyana wannan cuta dalla-dalla a shekarar 1817. Mutum shida kacal ya kafa hujja da su, wasunsu ma a kan titi ya lura da su. Daga baya aka laƙaba wa cutar sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane fiye da miliyan takwas da rabi ne ke ɗauke da ita. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali na cikin waɗanda ta kama. An tabbatar masa da ita a 1984, kuma duniya ta ga hannunsa na karkarwa sa'ad da ya kunna wutar wasannin Olamfik a birnin Atlanta a 1996.

Karkarwar hannu ita ce alamar da aka fi sani, amma ba ita ta fi wahalar da majinyaci ba. Akwai sandarewar tsoka, da nawar motsi, da rashin iya tsayawa daram. Taku kan gajarce har mutum ya riƙa jan ƙafa. Rubutu kan ƙanƙance, murya ta yi ƙasa, fuska ta daina nuna fara'a ko da zuciya na cikin farin ciki.

Tushen matsalar yana can cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ƙwaya tana isar da saƙo ga maƙwabciyarta ta hanyar fesa wani sinadari a ɗan ratar da ke tsakaninsu. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai shi ne dofamin, wanda masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya gano muhimmancinsa ga motsi a ƙarshen shekarun 1950, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000. Ƙwayoyin da ke samar da dofamin ɗin motsi sun taru ne a wani ɗan wuri mai duhun launi a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda masana suka sa wa suna da Latin, substantia nigra, wato baƙin abu. Daga nan suke aika shi zuwa wasu curarrun ƙwayoyi da ake kira basal gangiliya. A cutar Parkinson ƙwayoyin baƙin wurin nan ne ke mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma kafin alamu su bayyana a fili, rabinsu ko fiye sun riga sun tafi.

Makaɗin Cikin Gida

Mene ne aikin basal gangiliya? Duk wanda ya taɓa halartar gayya a ƙasar Hausa ya ga yadda mai gangar noma ke riƙe da samari: shi ke faɗa musu lokacin ɗaga garma da lokacin saukewa, ba tare da kowa ya tsaya tunani ba. To, ana iya kwatanta basal gangiliya da wani makaɗi da ke zaune a cikin kai. Shi ke ba da alamar fara motsi, ya ƙayyade girmansa, ya kuma haɗa wani motsi da na bayansa a cikin ayyukan da jiki ya saba, kamar tafiya da tauna da kaɗa hannu. Shi ya sa lafiyayyen mutum ke iya tafiya kasuwa yana hira, bai ma san sau nawa ya ɗaga ƙafa ba. Idan dofamin ya yi ƙaranci, makaɗin nan sai ya riƙa kuskure bugu, wani lokaci ma ya yi shiru ɗungum. Manoman suna nan da ƙarfinsu, garmuna na hannu, amma babu mai ba da alama. Wannan kwatanci ne kurum, domin aikin wurin ya fi haka sarƙaƙiya, amma ya isa ya nuna inda gizo ke saƙar.

Abin sa'a shi ne, ƙwaƙwalwa ba hanya ɗaya take da ita ta tsara motsi ba. Motsin da ake yi don amsa wata alama daga waje, ko ta ido ko ta kunne, yana bi ne ta wasu sassa dabam, ciki har da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya da wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwa da ke shirya motsi kafin a yi shi. Cutar ba ta cika yi wa waɗannan sassa ɓarna da wuri ba. Tun a 1967 wani likitan Ingila, James Purdon Martin, ya nuna cewa idan aka ja layuka a gicciye a ƙasa, majinyacin da ke jan ƙafa yakan iya tsallake su ɗaya bayan ɗaya da cikakken taku. Yawancin masana na ganin cewa kiɗa ma haka yake yi: makaɗin waje ne ke karɓar aikin makaɗin cikin gida, saƙo ya bi ta zagaye ya isa ga tsoka.

Kunne kuwa ya fi ido ƙwarewa a sha'anin lokaci. Idan mutum ya ji bugu uku ko huɗu a jere, ƙwaƙwalwarsa takan hango lokacin da na gaba zai zo, ta shirya tsoka tun kafin ya iso. An auna masu buga yatsa a tebur suna bin sauti, aka tarar yatsan yakan riga sautin sauka da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan baiwa ce ke sa mata uku su yi lugude a turmi ɗaya ba tare da taɓare sun yi karo ba. A shekarar 1996 Michael Thaut da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji: masu cutar da suka yi mako uku suna koyon tafiya da sauti mai daidaitaccen bugu, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin ɗari, takunsu kuma ya ƙara tsawo. An kuma yi amfani da wannan dabara wajen koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya.

Daga Ɗakin Gwaji zuwa Filin Rawa

Idan bugu kaɗai ya wadatar, me ya kawo rawa? Dalili shi ne, rawa ta tattara abubuwa da yawa a wuri guda. Akwai kiɗa da ke ba da lokaci, akwai malami a gaba da ido ke kwaikwayo, akwai abokin rawa da hannunsa ke nuna alƙibla, sannan akwai tunani, domin tilas mai rawa ya sa hankalinsa a kan kowane motsi. Duk waɗannan ƙofofi ne na bi ta zagaye.

A shekarar 2001 wata mata mai suna Olie Westheimer, wadda ke jagorantar ƙungiyar masu cutar a unguwar Brooklyn ta birnin New York, ta tunkari ƙungiyar rawa ta Mark Morris da shawarar a buɗe aji. Hujjarta mai ban sha'awa ce. Ta ce ƙwararren ɗan rawa ya shafe rayuwarsa yana koyon yin motsi da gangan, yana tunanin inda zai sa ƙafa da yadda zai karkata nauyinsa, kuma wannan ilimin ne daidai abin da mai cutar ke bukata. Shirin da aka fara da mutane ƙalilan, mai suna Dance for PD, ya yaɗu zuwa ƙasashe fiye da 20. A Ingila ma babbar ƙungiyar rawar bale ta ƙasa ta buɗe irin wannan aji a 2010, masu bincike na Jami'ar Roehampton suna bin sawunsa.

Tsarin ajin yana da hikima. Akan fara ne a zaune kan kujeru da aka jera a da'ira, ana motsa yatsu da kafaɗu da wuya, ana buga ƙafa a ƙasa. Daga nan waɗanda za su iya sai su miƙe su dafa bayan kujera, a ƙarshe a ratsa ɗaki ana taku tare. Wanda ba ya iya tashi yakan yi nasa salon a zaune, kuma ba a ɗauke shi ɗan kallo ba. Mata da miji, 'ya'ya da masu jinya duk sukan shiga. A wurin ba a kiran kowa majinyaci, ɗan rawa ake ce masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya daina fita saboda kunyar idon jama'a, musamman da yake baƙin ciki mai tsanani na cikin abubuwan da ke tafiya tare da cutar.

Rawar da aka fi yin bincike a kanta ita ce tango ta ƙasar Ajantina. Madeleine Hackney da Gammon Earhart na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis sun fara buga sakamakonsu a 2007. Zaɓin tango ba da ka aka yi shi ba. Rawa ce ta tafiya, mai cike da tsayawa da farawa, da juyawa, da taku da baya, wato ainihin abubuwan da ke kayar da mai cutar a tsakar gida. A wani gwaji da aka buga a 2012, waɗanda suka yi shekara guda suna tango sau biyu a mako sun fi waɗanda ba su yi ba daidaiton tsayuwa da ingancin tafiya.

Sai dai wajibi ne ɗalibin kimiyya ya karanta irin wannan sakamako da idon basira. Yawancin gwaje-gwajen mutane kaɗan aka yi da su, kuma ba yadda za a ɓoye wa mutum cewa rawa yake yi, kamar yadda ake ɓoye masa irin ƙwayar da ya haɗiya. Rawa ba ta mayar da ƙwayoyin jijiyar da suka mutu. Maganin lefodofa, wanda jiki ke juyawa ya zama dofamin, shi ne ginshiƙin jinya tun ƙarshen shekarun 1960, rawa kuwa mataimakiya ce. Fifikonta a kan sauran motsa jiki wataƙila ɗaya ne: mutane ba sa gajiya da zuwa.

Ya kamata kuma a bambance wannan da wani reshe na rawar haɗaka. Wanda lakarsa ta yanke, kiɗa ba zai tayar da ƙafarsa ba, domin igiyar da ke kai saƙo ce ta tsinke, babu hanyar zagaye. Celeste Dandeker 'yar rawa ce da ta faɗi a dandali a 1973 ta ji rauni a laka. A 1991 ita da Adam Benjamin suka kafa ƙungiyar Candoco a Landan, inda nakasassu da waɗanda ba su da nakasa ke rawa tare a matsayin sana'a, keken guragu kuma ya zama wani ɓangare na salon. A nan ba magani ake nema ba, fasaha ake nunawa.

A ƙasar Hausa, inda likitocin jijiya ba su da yawa, akan danganta karkarwar dattijo da tsufa kawai, ko a ce sammu ne, har a makara zuwa asibiti. Matakin farko dai shi ne ganin likita. Bayan haka, dattijon da ke ganin rawa ba girmansa ba ce bai yi hasarar komai ba, domin ƙwaƙwalwa ba ruwanta da sunan abin. Tafi, ko ƙirga, ko bugun ƙwarya daga jika sun isa, muddin bugun bai fi ƙarfin takunsa ba, ƙasa ba santsi, kuma akwai mai tsayawa kusa saboda faɗuwa.

Gwaji a Aji

Malami na iya nuna wannan darasi da alli da agogo kawai. A auna mita 10 a farfajiya, ɗalibi ya yi tafiyarsa ta yau da kullum, a ƙirga takunsa a kuma rubuta daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Daga nan a lissafa yawan takunsa a minti guda. Na mafi yawan mutane kan faɗa tsakanin 100 da 120. Sai wani ɗalibi ya riƙa tafi da ɗan sauri fiye da haka, a sake aunawa ba tare da an ce wa mai tafiyar ya bi tafin ba. A maimaita da mutum goma, a jera sakamakon a allo. A zagaye na ƙarshe mai tafi ya dagula bugun da gangan, wani da sauri wani a makare, ɗalibai su lura da abin da zai sami ƙafar abokinsu.